Gululun Inna da Darasin da Muka Faɗi



A makon jiya an ɗan yi ja-in-ja a nan kan ko Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya. Wasu suka ce harshenmu na soyayya ne da wa'azi da barkwanci, amma da an zo maganar lissafi sai Turanci. Mun karanta, mun yi shiru, domin mu ma mun daɗe da wannan tunani a ranmu. Yau da aka ba mu fili, za mu ba ku labarin abin da ya raba mu da shi. Labari ne na wata tsohuwa, da wani ɗan dunƙulen yumɓu da bai kai ƙwan zabo ba, da kuma hannun wani yaro.

Mu biyu ne jikokin da suka tashi a ɗakin kakarmu a Gurbin Ɓore, can ƙasar Zurmi, a kan hanyar da ke fita zuwa Jibiya. Inna muke ce mata, kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta. Da an sauko daga sallar azahar, rana ta karya, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, ta jawo taskirarta. A ciki akwai audugar da ta riga ta gurje ta shiɓe, da alli, da mazarai uku ko huɗu. Sai ta shafa alli a yatsu, ta kafa bakin mazari a kan wata 'yar fata, ta murza shi sau ɗaya. Hannun hagu na sama yana jan auduga, zare yana fitowa siriri, mazari yana tsaye a kan tsininsa yana juyi kamar an dasa shi. Mu kuwa ba zaren ne ya dame mu ba. Idonmu na kan gululu, wato ɗan dunƙulen yumɓun nan da aka gasa aka zura a ƙasan mazari. Akwai wani mai zanen fari da ja da muka daɗe muna kwaɗayi.

Ran nan ta tafi gidan suna, muka zare shi, muka kai dandali. Muka gara shi, muka yi cacar yara da shi, kafin magariba ya faɗa kan dutse ya rabe biyu. Muka mayar da mazarin cikin taskira tsirara, muna fatan ba za ta lura ba.

Washegari ta ɗauko shi, ta dube shi, ta dube mu. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ce, "Ku taho nan, ɗiyana. Wanda ya iya, shi murza min wanga mazari." Muka murza. Ya yi juyi biyu ya kife. Muka sake, ya sake kifewa. Ta ɗauko wani mai gululu ta miƙo mana, muka murza, sai ga shi tsaye yana ta gudu. Ta ce, "To kun gani. Icce dai icce ne. Gululu shi ka riƙe mai gudu nai. Kun kashe min mazari." Ba ta doke mu ba. Sai da muka yi sati muna ɗebo mata ruwa kafin fuskarta ta saki.

A wani zaman kuma muka tambaye ta dalilin da ya sa gululunta ba girma ɗaya ba. Ta ce ƙaramin na zaren arafiya ne, mai laushi, domin yana da saurin juyi kuma ba ya tsinka zare. Babban kuma na abawa ne, zare mai kauri, domin ko da yake yana da nauyin tashi, in ya tashi ba ya saurin gajiya. Muka ji, muka wuce, kamar yadda yara ke jin maganar tsofaffi.

Shekaru suka shuɗe, muka shiga babbar sakandare, ajin kimiyya. Aka zo babin juyin abubuwa a darasin fiziks. Malam ya cika allo da haruffa da alamomi, ya ce mu kwafa, muka kwafa. Ya ce mu haddace, muka haddace kamar karatun allo, amma ba tare da an fassara mana ko kalma ɗaya ba. Ba ma ganin laifinsa, shi ma haka aka ba shi. Ranar jarrabawa aka zana faifai biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya nauyinsa a tsakiya, ɗaya a baki, aka ce wanne zai fi wuyar tsayarwa, kuma don me? Muka zauna muna cizon biro. Haddar da muka yi ba ta da wannan tambaya a ciki. Muka faɗi. Abin takaicin shi ne amsar tana cikin taskirar Inna, mun riƙe ta da hannunmu, har mun fasa ta a kan dutse, amma babu wanda ya taɓa gaya mana cewa abin da ke allo da abin da ke zaure abu ɗaya ne.

Bari mu gwada faɗin abin da ke allon nan da Hausa, ku kuma ku yi mana alƙalanci.

Masana sun fara da ware irin abin da suke magana a kai. Sandararren abu ne, wanda ba ya lanƙwasa ko ya kwarara idan yana motsi, kamar dutse, tabarya, wilin mota ko mazari. Kuna iya gane bambancin da ƙwai biyu. Ku murza dafaffen ƙwai a kan faranti, zai yi juyi da sauri lafiya lau, domin cikinsa da bayansa sun zama abu ɗaya. Ku murza ɗanye, zai yi ta jan jiki, domin ruwan ciki bai bi ɓawon nan take ba. In kuma kuka taɓa ɗanyen ya tsaya kuka ɗauke yatsa da sauri, zai ɗan ci gaba da motsi, saboda ruwan cikin bai tsaya ba. Masu sayar da shayi da yawa sun san wannan dabara ba tare da sun shiga aji ba.

Sandararren abu motsi biyu yake yi: ko ya tashi daga nan zuwa can, ko ya juya a kan wani layi da ya ratsa shi. Sau da yawa yana haɗa biyun, kamar tsohon wilin keke da muke garawa da kara a ƙuruciya. A mazari, layin juyin shi ne iccen kansa.

Abu na farko, me ke sa abu ya fara juyi? Turi kaɗai bai isa ba, sai an duba inda aka yi turin. Ku tura ƙyauren ɗaki daga kusa da inda aka kafe shi, za ku sha wuya. Ku tura daga bakinsa, ɗan yatsa ya isa. Shi ya sa bakanike idan noti ya ƙi kwancewa yake zura bututun ƙarfe a jikin sifana don hannun ya ƙara tsawo. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, nisan ne ya ƙaru. Idan aka ninka tsawon hannun sau biyu, murɗin ma ya ninku sau biyu. Mu muna kiran wannan ƙarfin murɗa.

Abu na biyu shi ne wanda ya kayar da mu. Kowane abu yana da taurin kai wajen juyi: yana ƙin farawa, in kuma ya fara yana ƙin tsayawa. Wannan taurin kai bai dogara ga nauyi kaɗai ba, ya dogara ga inda nauyin ya zauna. Nauyin da ke nesa da layin juyi ya fi na kusa tasiri, kuma ba kaɗan ba. Idan ka matsar da nauyi ya ninka nisansa sau biyu, taurin kansa sau huɗu zai ninku. In sau uku ne, sau tara. Iccen mazari siriri ne, duk ɗan nauyinsa a manne yake da layin juyi, don haka ba shi da taurin kai, gogar fata da jan zare suna kashe shi nan da nan. Gululu ne ke fitar da nauyi gefe. Ƙaramin gululu taurin kansa kaɗan ne, murza ɗaya ta sa shi gudu sosai, abin da audugar da za a yi siririn zare da ita ke buƙata ke nan. Babban gululu ya fi wuyar tayarwa, ya kuma fi daɗewa. Abin da Inna ta faɗa ke nan, babu ragi babu ƙari.

Abu na uku, abin da ke juyi yana riƙe da wani guzuri, kuma ba ya rabuwa da shi sai wani abu daga waje ya karɓe. Guzurin nan shi ne taurin kan abu idan aka ninka shi da saurin juyinsa. Idan yaro ya tsaya a kan dunduniya yana juyi da hannuwa a buɗe, sannan ya naɗe su a ƙirji, zai ji ya ƙara sauri. Taurin kai ya ragu, dole sauri ya ƙaru don guzuri ya tsaya yadda yake. Kuma guzurin nan yana da alƙibla, yana riƙe layin juyi a inda yake fuskanta. Shi ya sa katantanwa ke tsayawa a kan tsininta muddin tana gudu, ta kife da zarar ta mutu. In kun lura, kafin ta faɗi takan fara kaɗa kai, layin juyinta yana zagayawa a hankali. Nauyinta ne ke son kayar da ita, amma saboda tana juyi, maimakon ta faɗi kai tsaye sai jan ya koma zagaye.

Duniyar da muke takawa ita ma haka take. Tana juyawa sau ɗaya a kwana guda, a kan layin da ya karkata da kimanin digiri 23 da rabi, kuma wannan karkata ce ke kawo mana sauyin damina da rani. Faɗin cikinta in an zagaye ya kai kimanin kilomita 40,000, don haka wanda ke zaune a Gurbin Ɓore yana tafiya da ita fiye da kilomita 1,600 a kowace awa, yana zaune a kan tabarma bai sani ba. Har kaɗa kan nan na katantanwa duniya tana yi, sai dai zagaye ɗaya yana ɗaukarta kimanin shekara 26,000. A 1851 wani Bafaranshe mai suna Léon Foucault ya rataye wani dunƙulen ƙarfe da doguwar waya a birnin Faris, ya nuna wa jama'a da idonsu cewa ƙasa na juyawa a ƙarƙashinsu. A shekarar da ta biyo ya ƙera wani faifai mai juyi da ke riƙe alƙiblarsa, wanda daga baya irinsa ya zama abin da jiragen sama da na ruwa ke gane hanya da shi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sa doka ɗaya ta riƙe gululu ta riƙe duniya.

Wani zai ce, to duk wannan me ya shafi talaka? Nan ne muka zo kan hannun yaron.

Wani kawunmu yana da injin niƙa a bakin kasuwa, irin mai shan gas ɗin nan mai silinda ɗaya, mai babban wilin ƙarfe a gefe. Irin wannan inji sau ɗaya yake bugawa a cikin kowane juyi biyu. Abin da ke ɗauke da shi tsakanin bugu da bugu shi ne wilin nan, kuma in kun duba za ku ga yawancin ƙarfensa a baki aka tara shi. Gululu ne, sai dai na ƙarfe, mai nauyin da mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. Ɗan kawun namu, yaro ɗan shekara goma sha biyu, shi ke taya shi aiki. Wata rana bel ya fara zamewa, kawu ya kashe inji, ƙara ta ɗauke. Yaro ya ji shiru, ya ɗauka komai ya tsaya, ya kai hannu zai gyara. Wilin bai gama ba. Ya kama hannun rigarsa ya naɗe, kafin a yi wani abu ƙashin dantse ya karye gida biyu. An yi ɗori, an je asibiti, Allah ya sa hannun bai salwanta ba, amma har yau ba ya miƙewa sosai.

A gida aka ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara. Amma mun kwana muna tunanin cewa mu da muka zauna a ajin kimiyya, muka kwafi wannan babi da hannunmu, ba mu taɓa iya ce wa yaron nan, "Kashe inji ba ya karɓe guzurin wili, jira sai ka ga ya tsaya da idonka" ba. Ba mu faɗa ba domin mu kanmu ba mu san abin da muka haddace yana nufin haka ba. Da wani ya rubuta shafi guda da Hausa, aka karanta a rediyo ko aka manna a bangon shagon niƙa, wataƙila da labarin ya sauya. Ƙarfin da ke cikin abu mai juyi yana ninkuwa sau huɗu idan saurinsa ya ninku sau biyu. Wannan magana ce da mai niƙa, da mai injin ban-ruwa a fadama, da mai wasa wuƙa, da ɗan acaɓa suke da haƙƙin su ji da harshensu.

Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin, mu tuna musu cewa babu harshen da aka haifa da su. Isaac Newton ya fitar da dokokin motsi a 1687 da Latin. Leonhard Euler, wanda aka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1707, shi ya tsara ilimin juyin sandararrun abubuwa a wani littafi da ya fito a 1765, shi ma da Latin, kuma sunan da ake kiran taurin kan juyi da shi a makarantu yau daga wurinsa ya samo asali. Ya ga abu, ya rasa suna, ya raɗa masa. Wannan mutumin dai, duk da zurfin lissafinsa, ya zauna ya rubuta wasiƙu 234 da Faransanci mai sauƙi zuwa ga wata gimbiya a Jamus yana yi mata bayanin kimiyya, aka buga su littafi, aka fassara zuwa harsuna da dama. Bai ga hakan a matsayin ƙasƙanci ba. A gida ma muna da magabata. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah a Zariya don bayyana halittu da Hausa, Umaru Dembo ya kai yara sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Hanyar a share take, mu ne muka bar ciyawa ta rufe ta.

Akwai kuma abin da ya sa muke ganin lokaci na ƙure mana. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, audugar ƙasarmu ta riƙa bin dogo tana fita, yadi da zaren kanti suna shigowa, kaɗi yana ja da baya. Zamanin Inna ma saura ne ta riska. Sai kuma rashin tsaron da ya addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi a shekarun nan, wanda kowa a nan ya san shi. Shi ya sa aka ɗauko Inna aka kawo ta Ƙaura wurin 'yarta, ba da son ranta ba. A cikin ɗan kayan da ta yarda a ɗauko har da taskirar. Ba ta ƙara kaɗi ba, ido ya yi rauni, audugar ma babu. Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, aka zo rabon tarkace, wata ƙanwarmu 'yar jami'a ta ɗaga mazari ta ce, "Yaya, wannan tsinken na mene ne?" Ba ta san sunansa ba. Ba ta san gululu ba, ba ta san shiɓa ba, ba ta san abawa ba. Idan mutane suka bar garinsu, ba gona da rumbu kaɗai suke bari ba. Kalmomin da za mu gina kimiyyar Hausa da su suna bakin tsofaffin nan, kuma kullum ana binne su.

Don haka ga roƙonmu gare ku, musamman masu tasowa. Ba mu ce ku bar labarin soyayya ba, mu ma muna karantawa. Amma ku ware mako ɗaya ku je wurin mai sana'a, maƙeri ko masaƙi ko mai ginin tukwane ko bakanike, ku zauna ku yi shiru. Ku tambayi sunan kowane abu, ku rubuta yadda ya faɗa. Sannan ku buɗe littafin makaranta ku nemo babin da ke magana a kan abin da kuka gani. Ku fara rubutu da abin da ke hannun mai sana'ar, lissafi ya biyo baya. Kada ku rubuta abin da ba ku gwada ba in ana iya gwada shi. Kada kuma ku ƙara gishiri, domin kuskure ɗaya a irin wannan rubutu yana iya cin hannun wani.

Ga gwaji biyu da za ku fara da su yau. Ku samo gwangwanin madara biyu iri ɗaya, ku danƙare ɗaya da jiƙaƙƙen yashi ku toshe, ku bar ɗaya babu komai. Ku sake su tare a kan katakon da aka jingina. Kafin ku sake, ku rubuta wanda kuke zaton zai riga isa, da dalili. Na biyu, ku ɗaure littafi da roba don kada ya buɗe, ku cilla shi sama yana juyi ta fuskoki uku da yake da su. Ta fuska biyu zai juya lafiya, ta ɗaya kuwa sai ya wuntsila komai ƙwarewarku. Lissafin Euler ya bayyana dalilin, kuma a 1985 wani ɗan sama-jannatin Tarayyar Sobiyat, Vladimir Dzhanibekov, ya ga wani noti yana irin wannan wuntsilawa a tashar Salyut 7. Da littafi muka ce, ba da waya ba, kada a zo ana neman mu biya kuɗin gilashi.

Sunayen da muka raɗa a nan, ƙarfin murɗa da taurin kan juyi da guzurin juyi, ba saukakku ba ne. Wanda yake da mafi dacewa ya kawo, musamman malaman kimiyya da ke cikinmu da ɗaliban kwalejin fasaha ta Ƙaura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kuma ya san wani suna na kayan kaɗi a garinsu da ba mu ambata ba, don Allah ya rubuto mana shi tare da sunan garin.

Mazaran Inna uku suna wurinmu yanzu. Biyu da gululunsu, ɗaya tsirara, domin ba ta taɓa sa masa wani ba. Jiya da dare, kafin mu zauna wannan rubutu, mun kira ƙanwar nan tamu muka miƙa mata su, muka ce ta murza ta gaya mana abin da ta gani.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun ji daga gare ku.